Wa Yake Kira Obuba?

Masu dami na a akwatin saƙo kuna tambayar ko mun sauka lafiya, to mun sauka, jirgi bai faɗi ba, ni ce dai nake neman faɗuwa. Wanda kuma yau ya fara leƙo shafin nan, sannu da zuwa, ja kujera. Sunana Tegan. Gidanmu yana Wollongong, can saman tudu, inda in kika tsaya a tagar kicin za ki hango hayaƙin masana'antar ƙarfe da ɗan guntun teku. Mijina Zlatko. Shekarun da muka ɓata muna jiran ɗa ba zan sake bi ta kansu ba, na gaji da wannan kukan. Abin da ya kamata ku sani shi ne, satin da ya wuce muka dawo daga Koriya da Hajun, yaro ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni, kumatu cike taf, gashi a tsaye cirko-cirko, kuma duk faɗin duniyar nan ba wanda ya ƙi jini kamar ni.

Kar wata ta rubuto min "haba Tegan, jariri ba ya ƙiyayya". Ki zo ki gani. Zlatko dai yaron yana haƙuri da shi, irin haƙurin da fasinja ke yi da direban bas. Ni kuwa da na miƙa hannu sai ya juya fuska bango ya sandare. In na ba shi abinci ya rufe baki gam. In na yi masa waƙa ya ƙara murya. Na sayi rigunan gida masu laushi har kala uku saboda na karanta cewa jarirai na son kwanciya a ƙirji mai taushi. Har yau ba wadda ta ga kansa, majina ce kawai a hannayensu, ita ma tawa ce.

Ga ɗakinsa kuwa, kai, in kun gani sai kun rantse ɗan sarauta za a sauka. Gado mai jijjiga kansa. Wata na'ura mai fitar da ƙarar ruwan sama. Kamara a saman labule tana turo min hoton gadon a waya, gadon da ko sau ɗaya Hajun bai yarda ya kwanta a ciki ba, don haka ina da hoton katifa babu kowa daga safe har dare. Keken turawa yana jingine a lungu, tayoyinsa ko ƙura ba su taka ba. A bango kuma ga abin alfaharin Zlatko. Madam Yang, matar da ta raini Hajun tun yana ɗanyen jariri har ranar da ta miƙo mana shi, ta saka masa wani lallausan bargo a jakarsa, shuɗi mai furanni, da dogayen igiyoyi biyu a gefe. Zlatko ya ɗaga shi, ya juya shi gaba da baya, ya gyara tabarau, ya yanke hukunci.

"Kayan ado ne na al'adarsu. A bango ake kafa shi. Littafin rainon da muka saya ya ce dole yaro ya riƙa ganin asalinsa a ɗakinsa."

Ya ɗauko guduma ya kafe shi da ƙusa huɗu, ya ƙulle igiyoyin suka yi kunnen zomo a kowane gefe, ya ɗauki hoto ya tura guruf ɗin dangi. Zuciyoyi suka yi ta zuba.

Yanzu bari in gaya muku dokar da ta haɗa ni yaƙi da surukata. Jami'ar da ke kula da lamarin riƙon yaron, wata Philippa mai kiwon karnuka, mai magana kamar tana lallashin kyanwa, ta ce dole mu shiga abin da ni nake kira kulle. Na wasu makonni ba mai ɗaukar yaron, ba mai ba shi abinci, ba mai rarrashinsa sai ni da Zlatko. Wai hannaye sun yi masa yawa a rayuwa, sai an rage su zai gane wace ce uwarsa. Magana ce mai hankali. Matsalarta ɗaya, ba a yi ta da mutanen Makedoniya irin dangin Zlatko a zuciya ba.

Surukata sunanta Menka, amma daga 'ya'yanta har mai kawo wasiƙa Baba suke ce mata. Kar ku rikice, a yarensu kaka mace ita ce Baba. Gajeriya ce, kullum cikin baƙar riga tun rasuwar mijinta, da silifas na gashi ko ana zafin da zai narkar da kwalta, da makullin gidanmu a cikin rigar mama. Ranar da Zlatko ya karanta mata dokar a waya ina jin muryarta daga banɗaki.

"Uku na haifa, jikoki bakwai na wanke wa kashi! Yau wata mai rainon karnuka za ta ce hannuna guba ne?"

"Mama, ba ta ce guba ba, cewa ta yi..."

"Ba ni matarka."

"Tana wanka."

"Kullum tana wanka. Yaron nan kifi kuka ɗauko ko mutum?"

Daga nan ta koma yaƙin sunƙuru. Kowace safiya sai mu ji ƙwanƙwasa, mu buɗe mu tarar da tukunyar wake da zafinta a bakin ƙofa, ba kowa. Sai in ɗaga ido in hango baƙar riga a cikin lambunmu, wai tana gyara bishiyar lemun tsami. Bishiyar nan ta sha aski har ta koma sanda. Duk reshen da ta yanke kuwa, ta gefen tagar falo yake. Saƙonni kuma ba a magana:

"Ya ci?"

"Na ga ƙafarsa ba safa."

"Biljana ta gaishe ku. Na huɗu take goyo, ba ta kulle kowa ba."

Biljana ita ce wadda Baba ta so Zlatko ya aura. Duk lokacin da na yi laifi sai Biljana ta gaishe mu.

To duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana mu sakat kalma ɗaya ce. Hajun ba ya cewa komai sai ita. Zai tsaya tsakiyar falo da ɗan wandonsa ya zazzago, ya ware hannaye, ya buɗe baki har kana hango haƙoransa shida:

"Obuba! Obuba!"

In na durƙusa gabansa na buɗe hannu, sai ya ture ƙirjina da tafukansa biyu, ya ƙara ƙarfin kukan. Kun san yadda turin ɗan yaro yake, ba shi da nauyi. Amma wallahi har cikin ƙashina nake jin sa.

Zlatko ya ce a bar masa, ai zamani ya zo da sauƙi. Ya kara waya a bakin yaron, ya sa manhajar fassara. Ta yi juyi, ta yi juyi, ta rubuto: masunci.

"Masunci?"

"Haka ta ce. Kifi yake so, Tegs! Ƙasarsu teku ne ta ko'ina, ya aka yi ban yi tunanin haka ba?"

Ranar muka ci kifi gasasshe da rana, dafaffe da yamma. Hajun ya watsa nasa a bango. Washegari Zlatko ya sayo ɗan kwale-kwalen roba da ƙugiyar wasa, ya sa hular kamun kifinsa ya zauna a ƙasa yana jefa ƙugiya cikin kwandon wanki, yana kashe wa yaron ido. Mutumin nan injiniya ne, gadoji ake ba shi ya duba. Hajun ya tsaya ya kalle shi tsaf, ya juyo ya kalle ni kamar yana tambaya wannan kuka haɗa ni da shi, ya ware hannu.

"Obubaaa!"

A daidai lokacin almakashi ya daina ƙara a lambu. Fuskar Baba ta manne a gilashin taga, hanci a baje. Ta yi alamar gicciye sau uku, ta ɓace. Kafin in ɗauki wayata ta fara rawa a kan tebur. Guruf ɗin dangi ne, manyan baƙaƙe:

"YARON YA YI MAGANA. YA CE O BABA. NI YAKE KIRA."

Jama'a, abin da ya biyo baya sai dai ku ƙiyasta. Ƙanwar Baba da ke Bitola, can Makedoniya, ta turo saƙon murya tana kuka. Wani kawu a Melbourne ya ce ba a banza ba, marigayi Risto, mijin Baba, shi ya turo yaron, a dubi goshinsa. Aka sanar da fada a coci. Wata ta rubuta, "Allah sarki, yaro ya san inda ƙauna take." Na karanta wannan ina zaune a kan murfin masai, na kifa wayar a cinya. Zan faɗa muku gaskiya tunda ba ganina kuke ba: na yarda. Na ce ƙila haka ne. Ƙila yara suna jin ƙanshin macen da ta taɓa haihuwa, ni kuma ba ni da wannan ƙanshin, kuma ba shagon da ake sayar da shi. Na tsallaka teku na ɗauko ɗa, ya zo ya zaɓi matar da ke bayan taga. Kishi na ji, mai ɗaci, na tsohuwa mai silifas ɗin gashi.

Ranar Lahadi bayan an taso coci muka ji makulli yana juyawa a ƙofa. Baba ce, da baƙar rigarta ta fita unguwa mai leshi a wuya, jan baki ɗan kaɗan, da faranti na waina mai cuku a lulluɓe da tawul. Ni kuma ina tsaye da wandon barcin Zlatko, gashi a ƙudundune da robar ɗaure burodi.

"Baba, kin san dai doka..."

"Na sani, 'yar nan, na haddace ta." Ta ajiye farantin, ta zauna a kan doguwar kujera, ta haɗa gwiwoyi, ta ɗora hannaye a cinya. "Doka ta ce kar in ɗauke shi. Ta ce kar shi ya zo wurina?"

Na kalli Zlatko. Ya hau buɗe littafi.

"Gaskiya... babin bai fayyace ba."

"Ka ga ni ko. Ni zama na zo yi. In an kira ni kuma, ba ni da tarbiyyar ƙin amsawa."

Kamar jira yake. Hajun ya fito daga bayan labule, fuska jage-jage, ya ware hannu.

"Obuba!"

"Ga Baba, zinariyata! Ga Baba, zo!"

Ya tafi. Wallahi ya tafi. Da 'yar tafiyarsa ta tangal-tangal ya ratsa falon, ya wuce ta gabana ko kallo ban samu ba, ya dafa gwiwoyinta. Baba ta ɗago ta dube ni, ba da mugunta ba, da wani irin tausayi da ya fi mugunta ciwo. Ya kama tura gwiwarta gefe, yana nishi, yana turawa.

"Kun gani? Rungumata yake son yi, bai iya ba ne. Zlatko, ɗauki bidiyo!"

Ban tsaya ganin sauran ba. Na shige kicin, na ce bari in haɗa masa shinkafarsa, don dai hannuna ya sami abin yi. Kwanon ya suɓuce, shinkafa ta watsu har ƙarƙashin firji. Na tsuguna a ƙasa, bayana ga ƙofa, ina tsince ta ɗaya-ɗaya, hawaye na ɗiga a kan tayil. Daga falo ina jin kukansa ya dawo sabo, da muryar Baba tana cewa "to mene ne kuma, ai ga ni", da Zlatko yana karanto wani abu game da numfashi. A raina na ce shi ke nan, Tegan, ki zama mai dafa shinkafa a gidan nan, shi ma matsayi ne.

Sai kukan ya fara matsowa. Sai ya tsaya.

Na ji tafin hannu ɗan ƙarami, mai ɗumi, mai danƙo, a tsakiyar bayana. Sai na biyu. Sai gwiwa tana neman wurin takawa a ƙuguna. Ya yi nishi, ya zame, ya sake yunƙurawa, ya kamo wuyan rigata ya haye. Ya zagaye wuyana da hannayensa, ya kwantar da kumatunsa tsakanin kafaɗuna, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya irin ta ma'aikacin da ya dawo gida. A hankali, ba kuka, kamar mai cewa ai tun tuni abin da nake faɗa ke nan:

"Obuba."

Ban motsa ba. Ko numfashi a rabi-rabi nake yi. Ashe duk kwanakin nan da nake buɗe masa ƙirji yana ture ni, ba kora ta yake ba. Juya ni yake. Goyo yaron nan yake roƙo, mu kuma muna ba shi kifi.

"Kar ki motsa!" Zlatko ne a bakin ƙofa, yana raɗa da ƙarfi. "Bari in duba ko an yarda da wannan."

"Zlatko."

"Na'am."

"Ajiye littafin nan. Je ka ciro min abin da ka kafe a bango."

"Kayan adon?"

"Mai igiyoyi biyu, Zlatko. Dogaye. Ka yi tunani."

Ya yi tunanin. Na ji lokacin da ya gama, don wani ɗan sauti ya fita daga maƙogwaronsa. Can sai ƙarar ɓamɓare ƙusa, da zubowar farar ƙasa. Ya dawo da zanin goyon a hannu, da ramuka huɗu a jikinsa, ya tsaya yana juya shi, bai san ta ina ake farawa ba. Ni ma ban sani ba.

Baba ta ture shi ta shigo. Jan bakinta ya goge, ta yi wani ƙanƙancewa a cikin rigar leshin. Ta daɗe tana kallon yaron a bayana.

"To ba ni yake kira ba ke nan."

Ta maida idonta kan zanin da ke hannun Zlatko.

"Jaki yake nema, ba kaka ba." Ta ja hanci. "Miƙo nan, kai kuma, ka tsaya kamar an dasa ka."

Ita ma ba ta iya ba, kar ku ɗauka. Ɗaurin farko irin na rigar girki ta yi min, yaron ya zazzago har ɗuwawuna. Na biyu ta shaƙe ni sai da na ga taurari. A na uku muka dace: ta ƙarƙashin hammata, a gicciye, a zagayo ƙarƙashin ɗuwawunsa, a ƙulle a gaba. Duk wannan aikin da kan yatsu take yin sa, tana kakkauce wa ƙafafunsa kamar wuta. Da ta ja ƙullin ƙarshe ta ɗaga hannayenta sama.

"Ku shaida. Zani na taɓa, ban taɓa yaro ba. Ku gaya wa mai karnukan."

Sai kuma ta rage murya, ta matso kusa da kunnena.

"'Yar nan, mutanen Bitola fa? An riga an kunna kyandir a coci."

"Ba sai sun ji ba, Baba."

Ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi min ba tun ranar aurenmu. Ta gyara min wuyan riga. Ba ta ce Biljana ta gaishe mu ba.

Na miƙe a hankali na fara zagaya gidan, daga kicin zuwa ƙofar gaba, daga ƙofar gaba zuwa kicin. Nauyinsa ya ƙaru, ya saki jiki. Numfashinsa yana hura min gashin ƙeya, hannayensa biyu a wuyana, ɗaya ya damƙe sarƙata. Ran nan ne karon farko da ɗana ya yi barci a jikina, kuma ban ga fuskarsa ba. Sai tambaya nake, ya rufe ido? Bakinsa a buɗe? Zlatko yana bina a baya da safa yana ba ni rahoto cikin raɗa. Bayana ya fara ciwo, fitsari ya matse ni, na ce ko zan mutu a tsaye ba zan zauna ba. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, kuma tsoro nake ji kar wani ya yi tari.

Sai waya ta hau ruri a kan tebur.

Zlatko ya yi tsalle ya danne ta da tafin hannu, ya leƙa, ya ɗago fuska ba jini.

"Madam Yang ce. Kiran bidiyo."

Na manta sam. Ranar rabuwa, a bakin lif, matar nan ta riƙe hannuna da nata biyu, 'yarta tana fassarawa, ta roƙe ni abu ɗaya: Lahadin farko in bari ta gan shi. Na ce na yi alkawari. A lokacin alkawari ba wuya, ba ni da abin da zan rasa.

"Kar ki ɗaga," Baba ta ce. "Ki ce waya ta faɗa ruwa. Ni zan rantse."

"Littafi ya ce yana da kyau a ci gaba da zumunci," Zlatko ya ce. "Amma ɗayan littafin ya ce..."

"Kai, rufe mana baki da littafi!"

Wayar tana ta ruri a ƙarƙashin hannunsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, so na yi ta katse. So na yi a ba ni yini ɗaya tak, ni da shi, kafin ya tuna bayan wa ya saba hawa. Amma matar nan ita ta goya shi har bayanta ya ranƙwafa, kuma ita ta ninke zanin nan ta saka a jaka don wata da ba ta sani ba.

"Ɗaga," na ce.

Fuskarta ta cika gilashin, gashi a nannaɗe, idanu a kumbure. Ta sunkuyar da kai tana gaisuwa, sai idonta ya sauka a kan igiyoyin da suka gicciye ƙirjina. Ta toshe baki da hannu. Ta faɗi wani abu da sauri, 'yarta ta leƙo ta gefe.

"Mama ta ce don Allah ki juya."

Na juya wa wayar baya. Yanzu ba na ganin matar, ba na ganin yaron. Baba kawai nake gani, tsaye a gabana, ta damƙe tawul ɗin farantinta, idonta a kan kafaɗata.

Muryar ta fito siririya, tana rawa.

"Hajun-a..."

Numfashin da ke ƙeyata ya tsaya. Kumatun ya ɗago daga tsakanin kafaɗuna, wurin ya yi sanyi.

"Baba, me yake yi?"

Ta kai tawul ɗin bakinta.

"Baba, don girman Allah, gaya min me yake yi!"

Hannunsa na dama ya saki wuyana. Na ji shi ya miƙe, ya wuce ta gefen kunnena, ya nufi baya, wurin muryar.

Na hagun yana nan a kan sarƙata. Na runtse ido, na tsaya cak, duk jikina ya koma sauraron yatsu biyar ɗin nan.